Ko yawu zai dawo wa Baba? Wasiƙa daga Damagaram

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da duk ƴan Damagaram da kuke tare a can Kwatano. Mu nan lafiya lau muke. Hunturu ne dai ya sauko da ƙarfinsa bana, hazo ya lulluɓe duwatsun Birni, leɓen kowa a fashe.

Saƙonka na murya ya iso, kuma na ji nauyin da ke cikin muryarka. Abu biyu ka tambaye ni: ko yawu zai dawo wa Baba bayan gashin ciwon daji da aka yi masa a wuya da hasken na'ura, da kuma ko gaskiya ne abin da ka gani a waya, wai a Turai ana dasa wa mutum wasu ƙwayoyi maɓuɓɓugar yawunsa ta sake tsirowa, har ka fara zancen sayar da filinka na hanyar Mirya. Ban ba ka amsa a waya ba don maganar tana da tsawo, kuma na san halinka tun muna lakkol: in aka ce maka "yi haƙuri" ba a gaya maka dalili ba, ba ka iya barci. Shi ya sa na koma kan abin da nake koya wa ɗalibai, na ƙara da karanta abin da masu bincike suka wallafa, na zauna na rubuto maka.

Bari in fara da yadda na same shi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gida. Ciwon dajin dai, alhamdu lillahi, lokotoro ya ce hoton ƙarshe ya yi kyau, kuma jikinsa ya fara murmurewa. Bakin ne ya rage. Na tarar da shi a zaure kan buzunsa, gorar ruwa a gefen gwiwa, ba ya haɗa magana biyu sai ya kurɓa. In ya buɗe baki kana jin ƴar ƙarar harshen yana ɓamɓarowa daga ganɗa. Ɗan yawun da ya saura fari ne mai kauri, yana maƙalewa a gefen leɓe. Inna ta ce tuwon hatsi ba ya wucewa sai ta kwaɓa shi da miyar kuɓewa, kilishi da goro kuwa ya haƙura da su, kuma da dare ƙishin baki ne ke tashe shi. Abin da ya fi damunsa shi da kansa ya gaya mini: karatun asuba. Izun da yake yi a zama ɗaya, yanzu sai ya tsaya ya jiƙa baki ya tsaya ya jiƙa baki.

Manyan maɓuɓɓugan yawu shida ne a jikin mutum, uku ta kowane ɓangare. Akwai ta gaban kunne, wadda ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Akwai ta ƙarƙashin muƙamuƙi, akwai ta ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana ɗaruruwa a warwatse cikin leɓe da kunci da ganɗa. Dukansu suna ba mai lafiya tsakanin rabin lita da lita 1.5 a yini, kashi 99 cikin 100 ruwa ne, ɗan ragowar kuma shi ne mai yauƙi, mai fara narkar da hatsi, mai kashe ƙwayoyin cuta da kare haƙori. Ta gaban kunne ta fi aiki lokacin cin abinci. In mutum yana zaune kawai, ta ƙarƙashin muƙamuƙi ce ke ba da wajen kashi biyu cikin uku. To ka ga tuwon da ke tsayawa da ƙishin da ke tashe shi da dare, kowanne da inda ya fito.

In ka duba maɓuɓɓugar a na'urar hangen ƙwayoyi, siffarta ta nonon dabino ce: ƴaƴa a cure a kan ƙananan rassa, ƙananan rassa suna haɗuwa a babba. Ƴaƴan su ne dunƙulen ƙwayoyin halitta masu tatso yawu daga jini. Rassan bututu ne, su ma da nasu ƙwayoyin, masu gyara gishirin yawun kafin ya zuba a baki. Riƙe waɗannan biyu, ƙwayoyin tatsa da ƙwayoyin bututu, don duk labarin a kansu yake.

Ba za a iya yanka kuncin mutum kowane mako don a ga abin da ke gudana ciki ba, saboda haka a jikin ɓeraye aka koyi kusan komai. Gwajin da ya fi burge ni tsoho ne, kuma mai sauƙi. Ana yi wa ɓera allurar barci, a nemo babban bututun maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi, a ɗaure shi da zare ko a matse shi da ɗan ƙarfe. Yawu ya rasa hanya. Da farko wurin yakan kumbura, sannan ya fara motsewa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yawancin ƙwayoyin tatsa sun ƙanƙance ko sun mutu, kuma mutuwa ce mai tsari, ƙwayar da kanta take naɗe kayanta jiki ya share ta. Nauyin maɓuɓɓugar ya ragu da kusan rabi. In aka yanko siririn yanki aka rina aka duba, bututu kawai za ka gani a buɗe, babu ƴaƴa. Duk wanda ya ga wannan hoton zai ce ta mutu.

Sai a kwance ɗaurin. Aminina, cikin ƴan kwanaki abin ya juya. Masu bincike suna da rini na musamman da ke kama ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu kaɗai, ta fito da ɗigo mai duhu a tsakiyarta. A lafiyayyar maɓuɓɓuga sai ka yi ta dubawa kafin ka ga ɗigo ɗaya, don ƙwayoyinta ba masu yawan haihuwa ba ne. Bayan kwance zare kuwa ɗige-ɗigen sun cika fili. Sababbin ƴaƴa ƙanana suna tohowa a bakin rassa, tsofaffin da suka ƙanƙance suna sake cika da kayan yawu, cikin makonni maɓuɓɓugar ta dawo kusan yadda take. Shigeru Takahashi a Jami'ar Hokkaido ta Japan ya bi wannan kwana-kwana a na'ura, Gordon Proctor da Guy Carpenter a Landan kuma suka auna yawun da kansa, suka ga yana dawowa ko da ɗaurin ya ɗauki makonni da dama. Duk lokacin da na karanta wannan sai na ce Subhanallahi. Ashe Allah ya ajiye wa wannan ɗan nama hanyar gyara kansa.

An daɗe ana muhawara kan inda sababbin ƙwayoyin tatsa ke fitowa. Tsohon zato shi ne akwai ƙwayoyin tushe a ɓoye cikin ƙananan bututu, su ne ke haifar da komai. A 2015 Catherine Ovitt da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka sa wa ƙwayoyin tatsa na ɓera alamar launi wadda ƴaƴansu ke gada, suka jira watanni. Suka tarar sababbin duk da launin suka fito. Ma'ana, a zaman lafiya ƙwayar tatsa ita ke haifar ƴar'uwarta, ba ta jiran kowa. Bututu ma yana haifar nasa. Sai in ɓarna ta yi tsanani ne iyakar ke rushewa, ƙwayoyin bututu da wasu masu matse ƴaƴan daga waje su bar aikinsu su koma tatsa. Wannan ya sa abin da ya tsira bayan rauni yake da daraja ƙwarai, domin daga shi za a sake gini.

Na san yanzu kana cewa, to me ya hana na Baba dawowa haka? Gashin da ake yi wa ciwon daji da na'ura ba irin ɗaurin zare ba ne. Zare hanya ya toshe, bai taɓa asalin ƙwayar ba. Hasken na'ura kuwa cikin ƙwayar yake shiga ya kakkarya rubutun gadon da take kwafa in za ta rabu biyu. Da haka yake kashe dajin, kuma duk lafiyayyen naman da ke kan hanyarsa yana samun rabonsa. Ana auna shi da gire, a takardar asibiti za ka ga an rubuta Gy. Dajin baki da maƙogwaro yana bukatar tsakanin 60 da 70, a rarrabe cikin makonni shida zuwa bakwai. Ita kuwa maɓuɓɓugar gaban kunne, likitoci a Jami'ar Michigan sun nuna tun 1999 cewa in matsakaicin abin da ya same ta ya wuce wajen 26, da wuya ta farfaɗo. Dubi tazarar da ke tsakani. Tun a makon farko na gashi yawu kan ragu da rabi ko fiye, kafin ma ƙwayoyi da yawa su mutu, sannan a hankali cikin watanni ƴaƴan su zube, tabo mai tauri ya cike gurbinsu, ƙananan hanyoyin jini su lalace.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a wasiƙar nan: rabuwar ƙwayoyi daban, warkewa daban. Kirsten Limesand a Jami'ar Arizona ta haska ƙananan ɓeraye, ta bi maɓuɓɓugarsu da rinin nan. Bayan ƴan kwanaki ɗige-ɗigen suka yawaita, ƙwayoyi suna ta rabuwa don cike gurbi, amma yawu bai dawo ba, kuma sinadarin narkar da hatsi ya ragu a cikinsu. Suna haihuwa ba sa balaga. Ɓerayen da ta yi wa allurar wani sinadarin girma mai suna IGF-1 kuwa, yawan rabuwar ya lafa, yawu ya dawo. Ka ga a nan raguwar ɗigon ce alamar sauƙi. Tun 1961 ma Hans Selye a Kanada ya nuna cewa wani magani, isoproterenol, yana sa maɓuɓɓugar ɓera ta ninka girma har wajen sau biyar cikin ƙasa da makonni uku, in aka daina kuma ta sake motsewa. Kumbura nama ba wuya. Samun ƙwayar da ta san aikinta, ta fuskanci bututu ta inda ya dace, jini na isa gare ta, tana jin umarni, wannan shi ne aikin. Wasu ƙwayoyin da aka haska kuma ba su mutu ba, ba su haihu ba, sun tsufa ne a tsaye suna fitar da sinadaran kumburi da ke hana maƙwabtansu gyaruwa. Ovitt ɗin nan ta sake dubawa a 2018 bayan gashi, ta ga sababbin ƴaƴa sun toho nan da can, har daga bututu, amma ba su kai su cika gurbi ba.

Na ce jin umarni, kuma da gangan na faɗa. Ka san yadda bakinka ke cika da yawu in ka ga ana yanka lemun tsami. Jijiyar saƙo ce daga ƙwaƙwalwa ke kai wannan umarni. Sarah Knox ta nuna a 2010 cewa a ɗan tayin ɓera, in aka cire wannan jijiya, ƙwayoyin tushen maɓuɓɓugar raguwa suke yi, ginin ya naƙasa. A 2018 ɗakin bincikenta a San Faransisko ya nuna haka a babban ɓera: akwai wasu ƙwayoyi masu ɗauke da alamar SOX2 da ke maye gurbin ƙwayoyin tatsa, in aka yanke jijiyar sai su ragu, in aka ba su maganin da ke kwaikwayon saƙon jijiyar sai su motsa. Wato jijiyar da ke cewa "tatso" ita ce kuma ke cewa "gyara kanki". Wannan ya shafi Baba kai tsaye, zan dawo kansa.

Yanzu zancen dashe. Abin da ka gani yana da tushe. A garin Groningen na ƙasar Holan, Rob Coppes da mutanensa sun ɗebo ƙwayoyi daga lafiyayyar maɓuɓɓugar ɓera, suka rene su a kwano har suka zama ƴan dunƙule, suka zaɓo masu alamar tushe, suka zuba su cikin maɓuɓɓugar ɓeran da aka haska. A 2008 suka wallafa cewa ƙwayoyi 300 kacal sun isa su dawo da yawu a wasu daga cikin ɓerayen. A 2015 suka haska ɓangare-ɓangare na maɓuɓɓugar gaban kunnen ɓera, suka gano cewa yankin manyan bututu ne in ya tsira sauran ke farfaɗowa, kuma suka ga alamar haka a marasa lafiya. A Japan, Takashi Tsuji ya haɗa tsiron maɓuɓɓuga daga ƙwayoyin ɗan tayin ɓera a 2013, ya dasa, ta haɗu da bututu da jijiya ta ba da yawu. A Amurka Bruce Baum ya bi wata hanya, ya cusa wa ƙwayoyin bututun da suka tsira umarnin gado na buɗe ƙofar ruwa. Ya gwada a ɓera a 1997, a alade a 2005, sai a 2012 aka wallafa sakamakon mutum 11, inda yawu ya ƙaru wa 6. Lissafa da kanka, shekara 15 daga ɓera zuwa mutum goma sha ɗaya.

Su mutanen Groningen sai a ƙarshen 2022 suka fara zuba wa mutum na farko nasa ƙwayoyin, a matsayin gwaji. Kuma ga inda maganar ta tsaya ga Baba: ana ɗebe ƙwayoyin ne daga jikin maras lafiya kafin a fara gashi, a ajiye, a mayar masa bayan an gama. Baba ya riga ya wuce wannan gaɓa. Saboda haka ina roƙonka don Allah kada ka sayar da filin nan. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai dasa wa Baba ƙwayoyi yawu ya dawo, yana sayar maka da abin da masu aikin da kansu ba su gama tabbatarwa ba.

Kuma ɓera ɓera ne. Yawanci sau ɗaya ake haska shi da ƙarfi, yana matashi, ba shi da daji, ba shi da hawan jini. Baba ya haura saba'in, an yi masa makonni ana gashi. Ko ginin maɓuɓɓugar ba ɗaya ba ne. Ta namijin ɓera tana da wani sashen bututu da mutum ba shi da shi, cike da sinadaran girma. Daga nan ne Stanley Cohen ya tato wani sinadari a 1962, wanda in aka yi wa jaririn ɓera allurarsa idonsa ke buɗewa haƙorinsa ya fito kafin lokaci, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini. Na kawo maka wannan ne don ka ga ba raina binciken ɓera nake ba, ya ba duniya abubuwa manya. Sai dai abin da ya warkar da shi sai an sake tabbatar da shi a jikin ɗan Adam. Kuma ina bin wannan bincike da zuciya ɗaya, don tun da aka fara gashi a Yamai a 2021 masu tsira daga dajin maƙogwaro za su ƙaru a cikinmu, da yawansu da gorar ruwa a hannu, a ƙasar da iskar kanta busar da baki take.

To ko zai dawo? Ba zan ce maka zai koma yadda yake a da ba. Amma in akwai ɓangaren da hasken bai yi wa yawa ba, yakan ci gaba da farfaɗowa a hankali har shekara ɗaya zuwa biyu bayan gashi, kuma Baba bai kai nan ba. Ɗan farin yawun nan da na gani a gefen leɓensa shaida ce cewa akwai ƙwayoyin da ke aiki. Da na matsa masa lemun tsami kaɗan a ruwa ya kurɓa, ya ce ya ji ƙarƙashin harshe ya ɗan jiƙe. Wannan ya faranta mini rai sosai, don yana nufin jijiya tana kira, kuma akwai mai amsawa.

Abin da ke hannunmu shi ne mu kiyaye wannan ragowar, mu riƙa sa ta aiki. Na saya masa cingam maras sukari a farmasi, yana taunawa tsakanin abinci. Akwai ƙwayar magani mai suna pilokarpin, daga ganyen wani tsiro na ƙasar Barazil, tana kwaikwayon saƙon jijiyar nan. Tana aiki ne kawai in akwai naman da ya saura, tana sa zufa sosai, kuma ba a ba mai asma da ba ta lafa ba ko mai wani nau'in hawan jinin ido, don haka sai lokotoro ya duba shi ya rubuta. Zan tambaya a zuwanmu na gaba, kuma zan roƙi a duba magungunan hawan jininsa, domin wasunsu suna ƙara busar da baki.

Haƙoransa ne suka fi ba ni tsoro. Bakin da ba yawu, haƙori yana ruɓewa cikin watanni, daga gindi. Na tarar Inna, don tausayi, tana ba shi shayi mai sukari yana kurɓa duk yini, da alewa ya tsotsa. Na yi mata bayani a hankali, ta gane, amma kai ma ka ƙara mata in kun yi waya, maganarka ta fi tawa nauyi a wurinta. Ruwa zalla a gorar, man goge baki mai fuloraid, sinadarin ƙarfafa haƙori, safe da dare, asuwaki mai laushi. In ta ga farin abu ya shimfiɗu a harshe ko cikin kunci, naman gwari ne, yana da magani, a gaya mini. Sannan wannan ka riƙe shi da kyau ka gaya wa yayyenka: kada kowa ya kai Baba a cire masa haƙori, ko wajen wanzami ko a asibiti, ba tare da an sanar cewa an yi masa gashi a muƙamuƙi ba. Ƙashin da aka haska yana iya ƙin warkewa bayan cirewa, kuma wannan ciwo ne mai wuyar magani.

Ya tambaye ni batun azumi tun yanzu. Na ce masa wannan za mu kai wa lokotoro da malaminsa tare, kowa ya faɗi nasa, kafin watan ya kama.

Takardun gashin, Inna ta ce suna cikin jakar da ka tafi da ita. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka turo mini, musamman inda aka rubuta Gy da ɓangaren wuyan da aka haska, in nuna wa lokotoro ya gaya mana wace maɓuɓɓuga ce ta fi tsira. Kuɗin da ka yi niyyar kashewa kuma, kaɗan daga ciki ya isa likitan haƙori ya riƙa ganinsa duk bayan ƴan watanni.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Maiɗakina tana gaishe ku, Inna ta ce a gaya maka kana cikin addu'arta. Allah ya ba Baba lafiya, ya dawo mana da kai cikin alheri.

Wassalam,
Amininka na Birni